Ire-iren Walƙiya da Ire-iren Hadari: Me Ya Raba Su, Kuma Ina Hatsarin Yake?

A ƙarshen watan Yulin 2025 Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar da wata walƙiya guda ɗaya mai tsawon kilomita 829, wadda ta taso daga gabashin jihar Texas ta miƙe har kusa da birnin Kansas a Amurka. Tun ranar 22 ga Oktoban 2017 aka yi ta, sai daga baya masana suka koma kan bayanan tauraron ɗan'adam suka zaƙulo ta. Labarin ya bar masu karatu da tambayoyi. Wanda ya saba ganin walƙiya ta tsaga sama daga gajimare zuwa ƙasa cikin ƙiftawar ido, yaya zai fahimci wadda ta ratsa jihohi? Iri ɗaya ce da waccan? Wane hadari ne yake haifar da irinta?

Akwai ruɗani na biyu, wanda ya fi shafar rayuwar yau da kullum. Hukumomin hasashen yanayi sukan yi gargaɗin “hadari mai tsanani”, mutane kuma su ɗauka ranar da ba a yi gargaɗin ba babu fargabar aradu. Ba haka abin yake ba. Ana rarraba walƙiya ne bisa inda ta fara da inda ta ƙare, hadari kuwa bisa yadda iska ke tafiya a cikinsa. Rabe-raben biyu suna haɗuwa a wasu wurare, amma ɗaya ba ma'aunin ɗaya ba ne.

Kalmomin da tushen abin

A wannan sharhi, hadari na nufin dogon gajimaren da ke fitar da walƙiya. A wurin masana yanayi, in babu walƙiya ba a sa shi a wannan aji komai yawan ruwansa. Walƙiya ita ce wutar lantarkin da ke tsallakawa ta cikin iska. Aradu ita ce walƙiyar da ta kai ƙasa. Tsawa kuma ƙarar ce kawai, ko da yake a maganar yau da kullum akan ce tsawa ta faɗa wa itace.

Tushen lantarkin ƙanƙara ce, ko da a ƙasashe mafiya zafi. Hadari yakan kai tsawon kilomita 10 zuwa 15, wani lokaci fiye, kuma a tsakiyarsa sanyi yakan kai digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifiri. A wannan yanki abubuwa uku suke cuɗanya: ƙananan ɓarɓashin ƙanƙara marasa nauyi, dunƙulallun ƙwayoyin ƙanƙara masu taushi, da ɗigon ruwan da bai daskare ba duk da sanyin. Iskar da ke hawa tana kwashe ɓarɓashin zuwa sama, ƙwayoyin kuma nauyinsu ya riƙe su a tsakiya ko ya ja su ƙasa. A wajen wucewa suna karo da juna, kowane karo kuma ɗan caji yana sauya hannu. Ɓarɓashin su tafi sama da cajin fozitif, ƙwayoyin su tsaya da nagetif, irin alamomi biyun nan da ke kan batir. A ƙarshe kan hadarin ya zama fozitif, tsakiyarsa nagetif, da ɗan ƙaramin fozitif a gindinsa. Shi ya sa gajeren gajimaren da bai kai yankin ƙanƙara ba zai iya zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya ba tare da an ji tsawa ko ɗaya ba.

Idan wutar ta tsallaka, iskar da ke kan hanyarta tana yin zafin da ya kai kusan digiri 30,000, wajen ninki biyar na zafin fuskar rana, sai ta buɗe da ƙarfi lokaci guda. Wannan buɗewar ce tsawa. Na kusa yana jin ta da kaifi, fat ɗaya. Na nesa yana jin doguwar cida, saboda hanyar walƙiyar tana da tsawon kilomitoci kuma ƙarar kowane sashe tana isowa a nata lokaci. Ƙara tana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 3, don haka daƙiƙa 15 tsakanin haske da tsawa na nufin tazarar kilomita 5.

Walƙiya: daga ina zuwa ina

Na'urorin taurarin ɗan'adam sun nuna ana yin walƙiya kusan sau 44 a kowace daƙiƙa a faɗin duniya. Wajen kashi uku cikin huɗu ba sa taɓa ƙasa. A cikin gajimare suke farawa su ƙare, tsakanin fozitif ɗin sama da nagetif ɗin tsakiya, ko su tsallaka zuwa wani gajimaren. Ita ce walƙiyar da ake gani ta haska hadari gaba ɗaya daga ciki ba a ga zarenta ba. Matuƙa jirgin sama da masu hasashe sun damu da ita ƙwarai, domin sau da yawa ita ce ke fara bayyana kafin aradun farko ta faɗo.

Sauran kashin shi ne aradu, kuma mafi yawanta nagetif ce. Yadda take sauka ya cancanci a dube shi da kyau, domin a nan ne ake gane dalilin da ya sa take zaɓar wani abu ta bar wani. Daga gindin hadari wani siririn zare mai dishi-dishi yake fitowa, yana saukowa mataki-mataki, kowane mataki kimanin mita 50, yana rassa ta ko'ina. Bai san inda za shi ba. Sai ya zo gab da ƙasa, saura 'yan gomomin mitoci, sannan abubuwan da ke tsaye a wurin, itace, turken lantarki, kusurwar rufi, kan mutum, kowanne ya tura nasa ɗan zaren fozitif sama. Wanda ya riga haɗuwa da na sama shi ne ya buɗe hanya. Nan take wuta mai ƙarfin kimanin amfiya 30,000 (amfiya ma'aunin gudanar wutar lantarki ne) ta bi hanyar, kuma hasken da ido ke gani daga ƙasa yake hawa zuwa sama, da gudun kusan kashi ɗaya cikin uku na gudun haske. Kaurin hanyar bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Galibi wutar takan sake bin ta sau uku ko huɗu a cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, abin da ya sa ake ganin walƙiya tana ƙifce-ƙifce.

Abin lura a nan shi ne aradu ba ta hango doguwar hasumiya daga nesa ta nufe ta. A mitocin ƙarshe ake yanke hukunci. Mutumin da ke tsaye a fili, tazarar mita 100 daga dogon gini, ba ya cikin kariyar ginin.

Aradu fozitif ba ta kai kashi 10 cikin 100 na masu faɗowa ba, amma ta fi muni. Daga saman hadari take tasowa, ko daga shimfiɗaɗɗen gajimaren da ke biye da shi a baya. Yawanci bugu ɗaya take yi, sai dai ƙarfinsa na iya kaiwa amfiya 300,000, kuma wutar takan ci gaba da gudana na ɗan lokaci maimakon ta yanke nan take. Wannan daɗewar ce ke kunna daji, ta narka waya, ta huda fiffiken injin samar da lantarki daga iska. An fi ganin ta a ƙarshen hadari, lokacin da ruwa ya tsagaita mutane sun fara fitowa, da kuma a hadarin hunturu irin na gaɓar Tekun Japan.

Sai wadda ke faɗowa alhali sama tana tas a kan mutum. Takan fito ta gefen hadari, ta yi tafiya a kwance, sannan ta karkato ƙasa a tazarar kilomita 15 ko fiye. An daɗe ana ɗauka duk irinta fozitif ce, amma na'urorin da ke zana taswirar walƙiya sun nuna da yawansu nagetif ne da suka kauce hanya.

Akwai kuma mai tashi daga ƙasa zuwa sama. Dogayen gine-gine da turakun sadarwa su ne ke fara tura zaren, kuma rassansa sama suke kallo maimakon ƙasa. Ginin Empire State na New York yana shan aradu sau 20 ko fiye a shekara, da yawa daga ciki shi ne ya tsokano su. Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu cewa aradu ba ta faɗa wa wuri ɗaya sau biyu.

Wasu sunayen da ake ji ba iri ba ne, yanayin gani ne kawai. Walƙiyar da ake hangowa da daddare can gefen sama, shiru babu tsawa, wasu na danganta ta da zafin gari. Walƙiya ce ta hadari sosai, sai dai yana da nisa: tsawa ba ta cika wuce kilomita 15 zuwa 20 ba, haske kuwa ana hango shi daga fiye da kilomita 100. Haka “busasshiyar aradu”: hadarin yana zubar da ruwa, amma iskar ƙasa ta bushe har ruwan ya ƙafe kafin ya iso, aradun kaɗai ke sauka a kan busasshiyar ciyawa. Irinta ce ta kunna ɗaruruwan gobarar daji a California a watan Agustan 2020.

A can sama da hadari ma ana yin wasu haskoki. Mafi shahara jajaye ne, suna bayyana tsakanin kilomita 50 da 90 daga ƙasa na wani ɗan yanki na daƙiƙa, jim kaɗan bayan babbar aradu fozitif ta faɗi. Matuƙa jirgi sun daɗe suna ba da labarinsu ba a ɗauke su da muhimmanci ba, sai a 1989 masu bincike na Jami'ar Minnesota suka ɗauki hotonsu bisa katari suna gwajin kyamara. Ba su da wata illa ga wanda ke ƙasa. Tokar aman dutse ma tana yin tata walƙiyar, kamar yadda aka gani a fashewar Hunga Tonga ta 15 ga Janairun 2022.

Hadari: iska ce ke raba su

Kowane hadari yana buƙatar laima a iska, da iska mai ɗumi a ƙasa wadda ke da sanyi a samanta, da wani abin da zai ɗaga ta: zafin rana, tsauni, ko karon iskoki biyu. Waɗannan su ke sa a yi hadari. Abin da ke tantance irinsa kuwa shi ne saɓanin iska, wato yadda gudunta da alƙiblarta ke sauyawa daga ƙasa zuwa sama.

Inda saɓanin ba shi da yawa, hadari tilo ake samu. Wani babban bincike da gwamnatin Amurka ta gudanar daga 1946 a jihohin Florida da Ohio, ƙarƙashin Horace Byers da Roscoe Braham, inda aka riƙa kutsa jirage cikin hadari, shi ya fayyace matakansa uku: ginuwa, cika, da mutuwa. Yana tashi a miƙe, don haka ruwansa yana faɗowa ta kan iskar da ke ciyar da shi, ya shaƙe ta. Cikin minti 30 zuwa awa ɗaya an gama. Gajeren ransa ba ya nufin ba shi da illa. Wani lokaci yakan saki dunƙulen iska mai sanyi da ke faɗowa kai tsaye ta bugi ƙasa ta watsu, faɗinta bai kai kilomita 4 ba, ta ɗauki 'yan mintoci. Ted Fujita na Jami'ar Chicago ne ya gano wannan bayan hatsarin jirgin Eastern Air Lines a New York ranar 24 ga Yunin 1975, wanda irin wannan iska ta haddasa, ya ci rayuka 113. Da farko abokan aikinsa da dama ba su yarda ba. Yau manyan filayen jiragen sama suna da na'urorin da aikinsu ke nan, gano wannan iska.

Idan saɓanin ya ɗan ƙaru, sai a sami hadarin gungu, wanda shi ne aka fi gani. Iskar nan mai sanyi da ke kaɗowa 'yan mintoci kafin ruwa, ta tayar da ƙura ta karkaɗa ganye, daga cikin hadarin ta sauko. Tana da nauyi, don haka takan kutsa ƙarƙashin iska mai ɗumi da ke gabanta ta ɗaga ta, sabon hadari ya ginu a gefen tsohon. Kowane ɗaya ransa gajere ne, amma gungun yana iya yin awanni. Babbar illarsa ambaliya: in sababbin suna ginuwa a wuri guda suna bi ta kan gari ɗaya ɗaya bayan ɗaya, ruwan wata guda na iya sauka a yini.

Na uku shi ne hadari mai jeri, kuma shi ne ya fi dacewa a tsaya a kansa. A nan gungu-gungu ne suke haɗuwa su yi sahu mai tsawon ɗaruruwan kilomita, suna tafiya tare. Wanda ke kan hanyarsa zai fara ganin baƙin gajimare mai leɓe a kwance, ƙasa-ƙasa, ya tokare gefen sama. Sai iska ta iso da ƙarfi, a busassun wurare irin Sudan da Arizona da katangar ƙura a gabanta. Sai ruwa mai ƙarfi da tsawa babu ƙaƙƙautawa na kamar rabin awa. Daga nan abin ya lafa ya koma ruwa mai sauƙi, wanda zai iya yin awa biyu ko uku yana sauka daga wani faffaɗan gajimare da jerin ke ja a bayansa.

Wannan faffaɗan gajimare na baya shi ne amsar tambayar walƙiya mai kilomita 829. A cikinsa caji ba a tsaye yake hawa-hawa a ƙuntataccen wuri ba, a shimfiɗe yake cikin siraran faifai masu faɗin ɗaruruwan kilomita. Walƙiya in ta shiga irin wannan faifai sai ta yi ta bin sa a kwance muddin akwai caji a gaba, tana sauke aradu nan da can a kan hanya. A nan ne ake ganin walƙiyar da ke rarrafe a ƙarƙashin gajimare tana rassa a hankali har ido ya iya bin ta, a nan ne aradu fozitif ta fi yawa, a samansa kuma jajayen haskokin nan suke fitowa. Walƙiyar da ta fi kowace daɗewa a tarihin Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, daƙiƙa 17.1, a irin wannan hadari aka yi ta a kan Yurugwai da arewacin Ajantina ranar 18 ga Yunin 2020. Ma'anar wannan ga mai tafiya a ƙasa ita ce lokacin da ruwa ya koma yayyafi ba lokacin aminci ba ne. Aradun ta ragu a yawa, amma waɗanda suka rage su ne manya.

Filayen tsakiyar Amurka, kwarin La Plata a Kudancin Amurka da yankin Sahel na Afirka su ne manyan gidajen wannan hadari. A Sahel, inda yake tafiya daga gabas zuwa yamma, shi ke kawo mafi yawan ruwan shekara, don haka abin da ke yaye rufi shi ne kuma abin da noma ya dogara da shi. Wani bincike da Christopher Taylor ya jagoranta, wanda aka buga a mujallar Nature a 2017, ya nuna mafiya ƙarfi daga cikinsu sun ninka sau uku a yankin tun daga 1982. Idan jerin ya lanƙwashe ya yi baka, iskarsa takan yi ɓarna mai kama da ta guguwar teku, kamar wadda ta kwantar da gonaki da rumbuna a jihar Iowa ranar 10 ga Agustan 2020.

Na huɗu, hadari mai juyawa da masana ke kira sufasel, shi ne mafi ƙaranci kuma mafi tsanani. Masanin Birtaniya Keith Browning ne ya bayyana tsarinsa a farkon shekarun 1960. Saɓanin iska mai ƙarfi yana sa iskar da ke hawa ta karkace kuma ta riƙa juyawa, sai ruwan ya faɗi a gefe maimakon ya shaƙe ta. Da haka hadari guda zai rayu awanni. Iskar da ke hawa a cikinsa tana iya wuce gudun kilomita 160 a awa, ƙarfin da zai riƙe ƙanƙara a sama har ta girma. Wadda ta faɗo a Vivian ta jihar Dakota ta Kudu ranar 23 ga Yulin 2010 ta kai faɗin santimita 20, a Gopalganj ta Bangaladash kuma ƙanƙara mai nauyin kilo 1.02 ta kashe mutum 92 ranar 14 ga Afrilun 1986. Kusan duk manyan guguwar tonado, wato guguwa mai juyawa da ke saukowa daga gajimare ta taɓa ƙasa, daga irinsa suke fitowa, ko da yake mafi yawan hadari masu juyawa ba sa haifar da tonado ko ɗaya. Walƙiyarsa tana da yawa matuƙa, akasari a cikin gajimare, kuma masu hasashe sun lura in adadinta ya yi tsalle farat ɗaya, sau da yawa ƙanƙara ko muguwar iska na tafe nan da 'yan mintoci.

Abin da “mai tsanani” ke nufi

A ma'aunin hukumar yanayi ta Amurka, hadari yana zama mai tsanani in ƙanƙararsa ta kai faɗin santimita 2.5, ko iskarsa ta kai gudun kilomita 93 a awa, ko ya haifar da tonado. Wasu ƙasashe suna ƙara yawan ruwa a nasu ma'aunin. Walƙiya ba ta cikin sharuɗɗan Amurka ko kaɗan, kuma dalilinsu a fili yake: kowane hadari yana da ita, in aka sa ta duk hadari zai zama mai tsanani, gargaɗin ya rasa amfani. Masu suka kuma suna cewa kalmar tana sa jama'a su raina sauran hadarin. Duk ɓangarorin sun yarda da abu guda, cewa aradun ɗan ƙaramin hadarin la'asar ba ta fi ta sufasel sauƙi ba ga wanda ta samu.

Taswirar duniya ma haka ta nuna. Wurin da ya fi ko'ina walƙiya, bisa ƙididdigar da aka fitar a 2016 daga na'urar NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, shi ne tafkin Maracaibo a Benezuwela, da walƙiya 233 a kowace murabba'in kilomita a shekara, sai Kabare a gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da 205. Babu ɗayansu da ya yi suna da tonado. Tafki, tsaunuka da laima ne ke haɗa hadari kusan kullum. A ɗaya gefen, guguwar teku, duk da girmanta, walƙiyarta ba ta kai yadda ake zato ba, domin iskarta a kwance ta fi gudu, hawanta bai cika yin ƙarfin da zai cuɗa ƙanƙara ba. Gaba ɗaya ana yin walƙiya a kan tudu kusan ninki goma na kan teku.

Yadda take samun mutane

Faɗowa kai tsaye a kan mutum ita ce hanya mafi ƙaranci, 'yan kaso kaɗan cikin ɗari. Kusan rabin waɗanda aradu ke yi wa illa ta ƙasa take zuwar musu: ta faɗa wa wani abu, wutar ta bazu a doron ƙasa, ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya. Iya tazarar ƙafafu iya yawan wutar da ke bi ta jiki, shi ya sa dabbobi suka fi mutuwa, kuma garke-garke. A watan Agustan 2016 an tarar da barewa 323, irin ta ƙasashe masu sanyi, a mace a wuri guda a tudun Hardangervidda na Norwe. Hanya ta biyu ita ce tsallake: aradu ta bugi itace, wani kaso ya yi tsalle zuwa jikin wanda ya fake a gindinsa. Sauran sun haɗa da taɓa waya, shinge ko famfon da wutar ta biyo.

Adadin mace-mace ya fi bin irin gidaje da irin sana'a fiye da irin walƙiya. A Amurka ya sauko daga sama da 400 a shekara a farkon shekarun 1940 zuwa kimanin 20 a yanzu, saboda mutane sun bar aikin fili kuma gidaje suna da wayoyi da bututun da ke kai wuta ƙasa. A Indiya har yanzu ya haura 2,000 a shekara, Bangaladash kuma ta sa aradu cikin jerin bala'o'in ƙasa a 2016. Bugu guda mafi kisa kai tsaye da hukumar duniya ta tabbatar ya faru ne a cikin bukka, a gabashin ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, ranar 23 ga Disamban 1975, mutum 21. Ba kowace inuwa ce mafaka ba. Ginin da ke da wayoyi da bututu a bango, ko mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe, su ne mafaka. A motar ma ƙarfen jikinta ne ke kare mutum, ba tayoyin roba ba. Rumfa, tanti da gindin itace ba sa cikin lissafi.

Kan shawarar da za a ba jama'a, masana sun kasu. Tsohuwar ƙa'ida ta ce a ƙirga: in tsakanin haske da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, wato kilomita 10, a nemi mafaka, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Daga baya hukumomin Amurka suka sauƙaƙa rabin farko, suka ce da an ji tsawa a shiga ciki, tunda duk inda ake jin ta aradu na iya kaiwa. Suka kuma daina koyar da tsugunawa a fili, don tana ba mutane kwanciyar hankalin da ba shi da tushe. Masu aiki a ƙasashe masu tasowa suna cewa wannan shawara ta mai ginin da zai shiga ce. Manomi, makiyayi da masunci da ke nesa da kowane gini ba su da inda za su. Su sun fi karkata ga a sa sandar kariya daga aradu a makarantu da wuraren taruwa, musamman bayan abin da ya faru a wata makarantar firamare a Uganda a Yunin 2011, inda ɗalibai 18 suka rasu. Jiran minti 30 ɗin kuwa babu mai jayayya a kansa.

Inda ake samun kulawar gaggawa, kusan tara cikin goma na waɗanda aradu ta samu suna rayuwa, ko da yake wasu da ciwon jijiya ko matsalar ji da mantuwa. Jikinsu ba ya riƙe wuta, ana iya taɓa su nan take. Abin da ke kisa tsayawar zuciya da numfashi ne, don haka in mutane da yawa suka faɗi, wanda ya yi shiru ba ya motsi shi ake fara danna wa ƙirji, ba mai kuka ba.

Ɗumamar duniya za ta ƙara walƙiya?

A nan ma akwai ra'ayi biyu, kowanne da hujjarsa. David Romps da abokan aikinsa, a mujallar Science ta 2014, sun yi lissafi da yawan ruwan sama da ƙarfin da iska mai ɗumi ke da shi na hawa, suka ce aradu a Amurka za ta ƙaru da kimanin kashi 12 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi. Declan Finney da nasa abokan aikin, a 2018, sun ɗora lissafinsu a kan ƙanƙarar cikin gajimare, suka ce duniya mai ɗumi za ta rage ta, don haka walƙiya na iya raguwa da kusan kashi 15 cikin 100 a duniya zuwa 2100, musamman a yankuna masu zafi. Saɓanin nasu ya koma kan wanne ya fi nauyi cikin sinadaran biyu, ƙarfin hawan iska ko yawan ƙanƙara, kuma na farko ya dubi ƙasa ɗaya, na biyu duniya duka.

Abin da zai raba gardamar dogon tarihin aune-aune ne, wanda yanzu aka fara tarawa. Tauraron GOES-16, mai na'urar da ke kallon walƙiyar nahiyoyin Amurka dare da rana daga wuri guda, a Nuwamban 2016 aka harba shi. Takwaransa na Turai, wanda ke kallon Turai da Afirka, sai a Disamban 2022 ya tashi.